Yadda Ake Kafa Lambun Malam-buɗe-littafi a Tsakar Gidan Dakata

Duk wanda ya san Dakata, ya ga yadda gidajenta suka matsu da juna tsakanin Kawaji da Yankaba da masana'antun Bompai, ya kuma ga yadda aka daɓe galibin tsakar gidajen da siminti har ba a bar wa ƙasa tafin hannu ba, zai ɗauka mustahili ne malam-buɗe-littafi ya mayar da irin wannan wuri masaukinsa. Alhali kuwa bukatar wannan halitta kaɗan ce ƙwarai, ba ta fi ƙarfin leburan da ke haya a ɗaki ɗaya ba, muddin ya san abin da zai shuka, da inda zai ajiye shi, da abin da zai kame hannunsa daga tugewa. Sharaɗin nan na uku shi ne mafi nauyi, kuma a kansa yawancin masu gwadawa suke tuntuɓe.

Dalili kuwa shi ne, wannan mai fukafukan da muke sha'awar gani ƙarshen al'amari ne, ba farkonsa ba. Uwa takan ɗora ƙwai a jikin ganye, bayan kwana uku zuwa biyar tsutsa ta fito, ta yi mako biyu ko uku ba ta da sana'a sai ci, sa'an nan ta rataye kanta ta shiga kwanso ta yi shiru kamar mako guda ko kwana goma, daga nan ne zai tsage kwanson ya fito da kamannin da muka sani, ya rayu 'yan makonni kaɗan. Babba zai sha zaƙin kusan kowane fure da ya samu, amma tsutsa ba haka take ba: kowane iri da ganyen da Allah ya hukunta masa, in ba shi ba sai ta mutu da yunwa tana kwance a kan wani ganyen mai laushi. Saboda haka fure tamkar teburin mai shayi ne a ƙofar kamfani, kowa ya tsaya ya kurɓa ya wuce, amma ba nan ne ake aure a haihu ba. Wanda ya shuka fure kaɗai zai riƙa ganin 'yan wucewa. Wanda ya haɗa da ganyen tsutsa shi ne zai ga zuriya bayan zuriya a gidansa. Abin mamakin kuwa, ganyayen nan su ne waɗanda muka fi rainawa, wato tumfafiya da tafasa da rai-ɗore da fasa-ƙaba, waɗanda kowane mai shara ya ɗauki tuge su a matsayin tsabta.

A fara da zaɓen wuri. Ana bukatar inda rana za ta sauka na sa'a biyar ko shida, kuma ranar safe ta fi ta yamma nesa ba kusa ba, domin malam-buɗe-littafi ba ya iya tashi sai jikinsa ya ɗumama da hantsi, shuke-shuken da ke cikin tukwane kuwa ranar la'asar ta bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ita ce ke dafa saiwarsu. A yawancin gidaje lungun da ya cika wannan sharaɗi shi ne inda bangon yamma ya haɗu da na arewa, wato idan ka fuskanci alƙibla, bayanka ta hannun hagu. Nan hantsi ke fara sauka, nan inuwa ke fara rufewa bayan azahar, bangon arewa kuma yana rage kaifin iskar hunturu. A nisanci inda hayaƙin janareta ke bugawa, da ƙarƙashin indararo. In gidan haya ne, wajibi ne a nemi yardar mai gida da ta maƙwabtan ɗaki tun kafin a kawo tukunya ta farko, don kada a wayi gari wata baiwar Allah ta tuge tafasar da kyakkyawar niyya.

Batun mazubi ba ya bukatar dogon bayani: tsohon bokiti, da randar da ta tsage, da jarkar man gyaɗa da aka yanke, da buhun da aka naɗe bakinsa, duk suna yi, in an huda gindinsu ruwa ya riƙa tsiyayewa. Sai dai a unguwa irin tamu, inda durom da jarkokin da suka fito daga masana'antu suke da araha, lalle a guji duk wanda ba a san abin da ya taɓa zama a cikinsa ba. Ƙasa kuwa a haɗa kashi biyu na jigawa da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe ya huce, gama ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Ruwa shi ne mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sanannen abu ne cewa rafin Getsi yana kwasar ruwan da masana'antun Bompai ke zubarwa ya kai shi Jakara, kamar yadda na Sharada da na Challawa ke gangarawa kogin Challawa, kuma ruwan majemun zamani yana ɗauke da gishiri mai yawa da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi. Ƙasar da ke cikin tukunya ba ta da inda za ta kai abin da aka zuba mata, sai ya taru a hankali har ganye ya fara ƙonewa ta gefe. Tsutsa kuma ganyen nan za ta ci, kai ma wataƙila ka ci, in tafasa ce ko zogale. Don haka kada a ɗebi ruwan rafi ko na kwata ko da yana kusa kuma kyauta ne. Ba kuma sai an ƙara wa 'yan garuwa ciniki ba, domin gidan da ake salla biyar a cikinsa yana zubar da ruwan da zai ishi tukwane goma: a ajiye baho a wurin alwala, a haɗa da ƙasari da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya, a yi ban-ruwa da shi bayan asuba ko dab da magariba. Ruwan da sabulu ko omo ya taɓa, shi kam a bar wa kwata abinta.

Sai shuka. Masana suna kiran kowane iri da sunan Latin, amma a nan zan laƙaba wa kowanne sunan itacen da tsutsarsa ke ci, tun da shi ne abin da mai lambu ke bukatar riƙewa.

Na tumfafiya, wanda ake kira Danaus chrysippus, shi ne ya kamata a fara nema, don ana samunsa kusan duk shekara, kuma tashinsa a natse yake. Launinsa ruwan goro ne, bakin fukafukan gaba baƙi da ɗigo-ɗigon fari, kuma irin da ya yawaita a Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne. Natsuwar tasa tana da sababi: tsutsarsa, mai zanen fari da baƙi da rawaya da 'yan ƙahoni shida masu laushi, tana tara dafin tumfafiya a jikinta, dafin kuma yana bin ta har bayan ta yi fukafukai, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗaya ba ya marmarin na biyu. Tumfafiya tana da doguwar saiwa, ba ta son dashe in ta girma. Gara a samo 'ya'yanta da suka bushe suka tsage, a cire irin daga audugar, a shuka a bokiti mai zurfi. Sai dai ruwanta fari yana da haɗari ga ido ƙwarai da gaske, don haka gidan da ke da ƙananan yara gara a bar ta a bayan katanga, inda sau da yawa ma ta riga ta tsiro da kanta, iyaka a roƙi masu shara su ƙyale ta.

Na lemo, Papilio demodocus, shi ne mafi girma da za ka gani, baƙi mai yayyafin rawaya, da wani ɗigo ja da shuɗi a kusurwar fiffiken baya, kuma ko yana shan fure ba ya daina kaɗa fukafukai. Ɗan dashen lemun tsami guda a rabin durom mai tsabta ya isa ya kira shi. Tsutsarsa tana ƙarama ba ta da maraba da kashin tsuntsu a kan ganye, da wannan take ɓoye wa maƙiya. In ta girma sai ta koma kore shar, in ka taɓa ta kuma ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari, don ta kore ka. Gaskiya ne tsutsa huɗu ko biyar suna iya tsiraita ƙaramin dashe, saboda haka adalci shi ne a bar biyu a kai, sauran a mayar da su babban itacen lemo in akwai shi a kusa.

Na tafasa, Catopsilia florella, fari ne mai ɗan shigar kore, macen wani lokaci rawaya, mai saurin tashi, kuma shi ne kan cika gari idan damina ta yi nisa. Tafasa da rai-ɗore ba su da wuyar sha'ani, a watsa irinsu kawai a buhu. Su ne kuma ke kawo 'yan ƙananan rawayan nan masu tashi ƙasa-ƙasa. A keɓe buhu guda na kwaɗo, guda na tsutsa, a zauna lafiya da uwargida. Fasa-ƙaba kuwa, wadda ke shimfiɗa a gindin tukwane ba da gayyata ba, ita ce abincin Hypolimnas misippus, wanda al'amarinsa abin tadabburi ne: namijin baƙi ne da manyan ɗigon fari masu kewayen shuɗi, macen kuwa ba ta yi kama da shi ko kaɗan ba, sai ta ɗauko launin na tumfafiya, ta ci albarkacin tsoron da tsuntsaye ke yi masa alhali ba ta tara dafin da ya tara ba. Wanda ke da hanyar ƙauye, in ya samo anza ko bagayi, zai ƙara da farare masu jijiyoyi baƙaƙe da masu jan baki a fiffike. Ƙananan shuɗɗan nan kuma wake da alayyafo suke bi.

Game da fure, abin lura shi ne siffarsa ta fi kyansa muhimmanci. Bakin malam-buɗe-littafi siririn bututu ne a naɗe, yana kuma son wurin da zai dafa ƙafa, don haka fure mai faɗi ko mai ƙananan furanni a cure ya fi masa manyan furannin ado masu ninki-ninki, waɗanda galibi ba su da zaƙi. Ziniya mai falle ɗaya, wadda masu sayar da shuke-shuke a gefen titunan Nasarawa suka sani, ita ce ta fi saurin biya, tana fure cikin mako shida zuwa takwas. Ɗoɗɗoya in an bar ta ta yi kai, da zogale, da lalle, da harantama da ke fitowa a gefen hanya, duk suna da masu ziyara. Lantana tana janyo su fiye da kowa, wannan ba a musu, amma ni ba na ba da shawararta a gidan da ke da awaki ko yara, gama ganyenta da ɗanyun 'ya'yanta guba ne. A jera tukwanen fure iri ɗaya a wuri guda, kada a warwatsa, domin tarin launi shi ake hangowa daga saman katanga. Ba a fafe gora ranar tafiya: a haɗa ƙasa tun watan Mayu, a yi shukar farko idan ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, a sake ta biyu a cikin Agusta, don a samu fure a Oktoba da Nuwamba, lokacin da suka fi yawa kuma ciyawar waje ta fara bushewa.

Abu biyu suka rage. Na farko kasko ne ko tsohon faranti, a cika shi da yashi, a jiƙa shi sosai amma kada ruwa ya kwanta a sama, a barbaɗa gishiri ɗan kaɗan. Galibi mazan ne ke sauka su tsotsi gishirin, kuma rashin kwantaccen ruwa shi ke hana sauro samun wurin ƙwai. Na biyu ɓawon mangwaro ko ayabar da ta nuna ta wuce, a rataya a inuwa, domin akwai irin da ba ruwansu da fure, daga cikinsu har da wani mai launin busasshen ganye da ba ya fitowa sai dab da magariba. A sauke shi bayan kwana biyu kafin ƙudaje su mayar da gidan nasu.

Fiya-fiya kuwa, da duk wani maganin feshi, haramun ne a wannan lungu, ba makaruhi ba. Maganin da ke kashe sauro da kyankyaso bai san bambanci ba, kuma feshi guda a kusa da tukwane yana iya shafe aikin wata biyu. In za a fesa ɗaki a rufe taga, in darɓa ta kama ganye a wanke ta da ruwa da yatsa. Ganyen da aka huda, aka ci gefensa, shi ne shaidar lambu ya karɓu, ba alamar cuta ba. Ya inganta a hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Ko tsutsa ta shiga cikin wannan umumi, na bar wa malamai, amma ni ina kyautata zato. Ƙadangare zai ɗauki rabonsa, zanzaro ma zai sure wasu ya kai ɗakinsa na laka, waɗannan a ƙyale su, don uwa ɗaya tana zuba ƙwai da yawa saboda irin haka. Kaji ne kaɗai ba a yi musu uzuri, a ɗora tukwane a kan benci ko a kewaye da kara.

To, shi kallon kansa yana da ladubba. Lokacinsa daga hantsi ne zuwa walaha, kamar ƙarfe 9 zuwa 11, da ɗari kuma a ƙara sa'a guda, mafi kyawunsa kuwa safiyar da rana ta fito bayan ruwan dare. Wanda ya kwana a aiki a Bompai ya dawo da safe ya dace da shi ba tare da ya nema ba. Mai fita Sharada ko Challawa tun duku-duku kuwa sai ya haƙura da ranar hutu. A zauna a kan tabarma ko kujera 'yar tsugunne kamar taku uku daga tukwane, rana a bayanka, amma ka lura kada inuwarka ta faɗa kan furen, gama inuwa mai motsi ita ce alamar tsuntsu a wurinsu. Kada a nuna da hannu, kada a miƙe farat ɗaya. In ana son hoto da waya, a bari sai ya zura baki a fure ya shagala, sa'an nan a matsa a hankali. A hana yara kamawa, domin ƙurar da ke maƙalewa a yatsa ita ce launin fiffiken, kuma ba ta sake tsirowa.

Wanda ya daure ya zauna zai fara rarrabe aiki da aiki. Mai buɗe fukafukai a jikin bango yana shan hantsi ne. Mai zama a tsinin reshe yana bin duk wanda ya gifta ya dawo wurinsa, namiji ne mai tsaron fage. Wadda kuwa ta ƙyale fure tana bin ganye ɗaya bayan ɗaya, tana sauka tana ɗan buga shi da ƙafafun gaba, mace ce mai neman wurin ƙwai, da ƙafar take ɗanɗana ganyen ta tabbatar shi ne. In ka ga ta lanƙwasa ciki ta taɓa ƙasan ganye ta tashi, je ka juya shi, za ka tarar da ƙwai ɗaya bai kai ƙwayar gero ba. Mai son ganin sauran al'amarin da idonsa sai ya ɗauki babbar tsutsa ya sa a bokiti da ɗan tsinke a tsaye, ya rufe da tsohon gyale, ba da yankin gidan sauro ba, don na yanzu da magani a jikinsu. Kullum ya sa sabon ganye irin wanda ya same ta a kai, ya zubar da kashin. Kwanson na tumfafiya kore ne ko ja-ja, da ɗigon zinariya. Galibi da safe malam-buɗe-littafin yake fita, fukafukai a yamutse, ya rataya sa'a ɗaya ko biyu su miƙe su bushe, a lokacin nan kada a taɓa shi, sai a buɗe gyalen kawai.

Ina ƙarfafa a riƙe ɗan littafi. A Ingila tun 2010 suke da ƙidayar gama-gari kowace shekara, inda mutum ke zama minti 15 a wuri guda ya rubuta mafi yawan da ya gani a lokaci ɗaya na kowane iri, don kada a ƙirga guda sau biyar; wannan ƙa'ida ta wadatar. A rubuta kwanan wata na Bature kusa da na Hijira, tun da damina da kaka lissafin rana suke bi, a ƙara da sa'a, da yanayin gari, da shukar da aka sauka a kai. Torben Larsen, masanin nan ɗan ƙasar Denmak, ya tattara kusan iri 1,500 na Afirka ta Yamma a littafinsa mai juzu'i biyu da ya fito a 2005, mafi yawansu na kurmin kudu ne; rabonmu na ƙasar Hausa bai kai nasu ba, wannan kuwa sauƙi ne ga mai koyo, don cikin damina guda zai iya sanin na gidansa duka.

Akwai baƙo guda da ya cancanci a sa masa ido daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, shi ne Vanessa cardui, matsakaici, mai ruwan goro da ɗan ja-ja, da baƙi da fari a bakin fiffike, ƙasan fiffiken kuma da 'yan idanu a jere. Daga Turai yake ƙetaro Bahar Rum da Sahara ya zo ya hayayyafa a ƙasashenmu bayan damina. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifaniya, Gerard Talavera, ya tsinci wasu daga cikinsu a gajiye a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, inda ba a san su ba; binciken da aka bayyana a 2024 ya nuna sun ƙetare Tekun Atlantika daga Afirka ta Yamma, tafiyar da ba ta gaza kilomita 4,200 ba, kuma daga cikin hujjojin har da ƙurar furen sabara da ta kurna da aka samu a jikinsu. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da barbarar tsirrai: ƙudan zuma ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki, malam-buɗe-littafi mataimaki ne kawai, amma lungun da aka gyara dominsa zai kawo zuman ma, mai kabewa ko kuɓewa a gidan kuma zai gani a yawan 'ya'ya.

Idan hunturu ya kankama, a bar kawunan ziniya da ɗoɗɗoya da kwanson tafasa su bushe a jikinsu, a karye, a adana irin a takarda cikin gwangwani mai murfi, a rubuta sunan kowanne. Kada a yi ƙoƙarin raya tukwane duka har bazara, ruwan ba zai kai ba. A zaɓi lemo da zogale da tumfafiya da tukunyar fure biyu, a rufe bakin ƙasarsu da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, a ci gaba da jiƙa kaskon yashi. Kafin a share busassun rassa a duba su da kyau, a duba ƙarƙashin bakin tukwane da jikin bango, domin tsutsa takan bar shukarta ta je can ta rataye. Tumfafiya kuma a sare ta zuwa kamu biyu a cikin Maris, da leda a hannu da fuska a kauce, don ta fito da sabon toho kafin ruwan farko.